Tunkiya Ɗaya Ta Rage

Agadas, bazarar 1984

Zeinabou ɗiyata,

Gaisuwa mai yawa, ke da majinyatanku. Ki yi haƙuri da rubutuna, aji uku na yi a lakwal, na ukun ma ta taga.

Kin tambayi garke. Tumakin unguwa da aka ba ni kiwo sun koma cin kwali a bakin kasuwa. Kin san dokar fari: in tunkiya ta haihu, a yanka ɗan tun bai kama nono ba, ko uwar ta rayu. Na yanka, na yanka, uwayen ma suka bi ƴaƴan. Tawa kaɗai ta rage, Gajera, ga ta da ciki.

Malam Inoussa maƙwabcina ya ce, "Yahaya, ku Kirista da littafinku duk zancen makiyayi ne, ina garken?" Mun yi dariya. A ɗaki ban yi ba. Addu'a ta ƙi fita bakina. Wanda ya ba da ransa domin tumaki, da wane ido zan dube shi, wuƙa a hannuna?

Soji na rabon dawa. Ban shiga sahu ba. Abin da ban yi wa gumi ba, ba ya wuce mini maƙogwaro.

Ubanki, sarkin garken tunkiya guda,
Yahaya

Maraɗi

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi. A wajen Yesu kai ba makiyayi ba ne, tunkiya ne. Ba a tambayar tunkiya aikin da ta yi kafin a saɓa ta a kafaɗa. Ceto alheri ne, kai ka koya mini. Ka karɓi dawar. Kamiyon Amadou direba, babbar motar nan, zai taso daga Agadas ƙarshen wata, amma ba ya ɗaukar dabba. Ka bar Gajera ka zo, Baba, don Allah.

Ɗiyarka mai biyayya,
Zeinabou

Agadas

Zeinabou,

Gaisuwa. Na shiga sahu. Sojan ya zuba mini, bai ko tambayi sunana ba. Gajera ta haihu. Na wasa wuƙa, na daɗe zaune, na mai da ita kube. Nono babu. Dawar muke rabawa ni da ita, ta fi ni loma.

Amadou ya jira a ƙofa har ya gaji, ya tafi. In tunkiya ne ni kamar yadda kika ce, Makiyayin ya san inda nake kwance.

Ɗan bai miƙe ba tukuna.

Ki huta lafiya,
Ubanki