Na Sayar da Filinki, Yaya

Zuwa ga yayata, marigayiya Malama Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga yayarsa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Sa'idu. Na san ba za ki karanta wannan ba, amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma ke ta fi shafa.

Na sayar da filinki na Gidan Kwano.

Ke kika fara lura da hannun 'yarki Ummi. Lokacin da 'ya'yan maƙwabta ke cin tuwo da kansu, ita cokali ma suɓuce mata yake yi. Mu duka muka ce lalaci ne, har da ni. Kika ce, "Sa'idu, ba shagwaɓa ba ce, hannun ne ba ya jin maganarta."

Daga nan kika samo likitar nan ta Tunga, mai koya wa yara amfani da yatsunsu. Ni nake kai ku a kekena mai ƙafa uku da nake haya da shi, in zauna a waje ina leƙe. Ana ba yarinya taɓo ta murza, ana sa ta zira duwatsun wuya a zare. A raina na ce wannan wasan yara ne ake biya wa kuɗi. Ban taɓa tambayar ki yadda kike biya ba.

Bayan rasuwarki Ummi ta dawo hannuna, tunda mahaifinta ya riga ki tafiya. Na ɗauki katin inshorar lafiyarki na je ofis. Ma'aikacin ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce katin ya tsaya da tsayawar aikinki, kuma ko da ranki ma irin wannan jinya ba ta cikin abin da suke ɗauka. A tsaye a wurin na gane ashe albashinki na koyarwa kike yanka. Shi ya sa kike tafiya makaranta a ƙasa kina cewa motsa jiki kike yi.

Na ci gaba da kai ta da abin da keke ya kawo. Sai injin ya buga ana tsakiyar damina. Na ce bari mu ɗan dakata zuwa kaka. Masu gina ɗakunan haya na ɗaliban jami'a sun yi ta zarya a kan filin, ina korar su, don ke kika ce a nan za ki gina wa Ummi ɗakinta. Na ɗauka amanarki nake riƙewa.

Da muka koma, likitar ta kama yatsun Ummi ta daɗe tana juya su. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Malam Sa'idu, za mu sake daga baya." Maɓallin rigar da ta riga ta iya sawa a gabanki, ya gagare ta. Ta dube ni, ta ɓoye hannun a bayanta.

A makon nan na kira masu ginin. Da na san ƙarshensa sayarwa ce, Yaya, da tun ranar da keken ya tsaya na yi.

Yanzu bene ne a wurin. Idan na sauke ɗalibai a ƙofarsa sai in juya da sauri.

Ummi ba ta fashin zuwa. Rubutu har yanzu da saura, fensir na gajiyar da ita, kuma likitar ba ta yi mini alkawarin komai ba. Amma ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa hannu zan zuba mata ruwan alwala kamar kullum, ta ce, "Kawu, bari." Ta karkata butar da kanta, ta tara ruwan a tafin hannunta, ta kai fuska. Rabi ya zube a zaninta. Da ta gama ta tambaye ni ko Mama na ganin ta. Sai na riƙe mata hijabinta har ta shirya.

Yaya, ki yafe mini daminar nan da na ci mata. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da gidan Aljanna. Ummi kuma Allah ya ƙarfafa hannunta, ya ba ni tsawon ran da zan ga ta rubuta sunanki.

Ƙaninki mai kewarki,
Sa'idu, daga Minna