Ba Ƙwaya Ka Sha Ba, Yaya Hamidu

Yaya Hamidu,

Assalamu alaikum, Allah ya sanyaya maka makwanci. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma ni za ka miƙo wa in karanta maka, tunda daga aji ukku ka gudo lakwal. Amma in ban rubuta ba cikina zai fashe.

Gida lafiya. An samu ruwa a Bazaga, geronka ya yi kai, ni na sa aka nome shi. Matarka Rabi ta fita takaba makon jiya, ta koma gidansu da yara. Inna ce dai ba daidai ba.

Ka san abin da ake faɗa a kanka tun ranar da motar albasa ta faɗa kwazazzabo da kai a gangaren Badagishiri? Wai ƙwaya ka sha, ta sake ka, ka yi barci a kan sitiyari. Kai da ko goro ba ka ci! A wurin zaman makoki maganar ta tashi, daga tabarmar Alhaji Mantau mai motar, ana shan kunun sadakarka ana cin namanka. Da na buɗe baki sai dattawa suka ce in yi shiru, wai ba a tonon sanadi, kwana ne ya ƙare. To, in ba a tonon sanadi, wa ya ba su izinin ƙirƙiro shi?

Maganar ta kai kunnen Inna. Wata biyar ke nan ba ta ambaci sunanka ba. Duk wanda ya zo ya ce ta yafe maka, sai ta sunkuyar da kai ta yi ta jan carbi. Wannan ne abin da ke ci na.

Ranar Asabar Alhaji ya sa aka jawo motar garajina a Ƙwanni. Wai in tashe ta, ta koma aiki. Ka ji ƙarfin hali? Na so in kore su, sai zuciyata ta ce duba dai. Gefen direba ne ya lotse, gaban bai ji komai ba. Na ɗaga ta, na murza sitiyari, ya ƙi kamar an dasa shi a ƙasa. Na duba bel ɗin famfon man sitiyari, lafiya lau yake. Na buɗe tankin man sitiyari, ƙaf, sai ɗan ɗigo a gindi. Na bi tiyo, na iske inda ya tsage an naɗe shi da robar taya da waya. Wanga aikin Alhaji ne, kowa a tasha ya san haka yake lallaɓa motocinsa in albasa ta faɗo, don kada mota ta kwana a garaji ko yini guda.

Sai na dangwali ɗan man da ya rage. Ba ja ba ne kamar yadda man sitiyari yake, kuma yana da santsi irin na sabulu. Na ɗiga shi a ruwa, maimakon ya taso sama sai ya narke. Yaya, man birki ne. Da na kwance ƙarfen da ke juya tayoyi, robobin ciki duk sun kumbura sun yi laɓo-laɓo kamar burodi a shayi. Man ya cinye su, ya tsiyaye, famfo ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Mota cike da buhuna, a gangare, a kwana, sitiyari ya sandare maka. Wane ƙato ne zai juya ta?

Na samo wani tsohon famfo mai kyau, na sa sabon tiyo da robobi, na wanke hanyoyin, na zuba jan mai, na yi ta murzawa hagu da dama har iska ta fita. Yanzu da yatsa ɗaya ake juya ta. Aikin rabin yini, Yaya. Rabin yini ne ya raba ka da 'ya'yanka.

Na ɗauki tiyon na je tasha na ajiye wa Alhaji a gaban jama'a. Ya ce ƙaddara ce, ya kama salati. Na ce masa ashe yau ta zama ƙaddara, jiya kuwa ƙwaya ce. Bai sake ɗaga kai ba, kuma ko a jikina.

Sai dai akwai abin da ban faɗa a tasha ba. Ka tuna ranar Laraba kafin abin ya faru? Ka tsaya ƙofar garajina ka ce sitiyari na kuka, kuma mai na raguwa. Ina ƙarƙashin motar wani babban ma'aikaci, ko fitowa ban yi ba. Na ce ka zuba duk man da ka samu, ka dawo bayan kasuwa. Duk man da ka samu! Ni makanike, ni na faɗa maka haka. Kai kuma da ba ka taɓa musa mini a kan mota ba, ka je ka yi. Me ya hana ni leƙowa? Me ya hana ka zage ni ka ce in fito?

Jiya na je Bazaga na zauna gaban Inna, na faɗa mata duka, ban rage nawa ba. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta kira sunanka sau ukku, ta ce ta yafe maka duniya da lahira, ta ce kai ma ka yafe mata. Ta sa aka dama fura aka kai masallaci.

Sunanka ya wanku, Yaya, ka kwanta da daɗi. Da zan taho na durƙusa na yi mata sallama. Ba ta amsa ba.

Allah ya haɗa mu inda zan iya roƙon ka da bakina.

Ƙanenka da bai leƙo ba,
Salisu