A Raba Nawa Kafin a Saka Ƙanƙara

Yalwa,

Na fita kina barci, lodin Kano ba ya jiran direba.

Jiya na yi shiru ne saboda idon Inna. Ƙanƙarar nan ni na ɗauko ta tun daga Rano, na naɗe ta a buhu, na yi ta sauri cikin ranar nan don kada ta narke kafin in iso gida Fammar. Kin san tun shigowar bazara haƙorana ba sa son sanyi, amma kika juye ta duka cikin zoɓon. Kurɓa ɗaya na yi, na ji abin har tsakar kaina. Na dafe kunci, ko kallona ba ki yi ba.

Hankalinki yana kan Sadiƙ. Yana taunar ƙanƙara kamar gyaɗa, kina dariya kina cewa, "Ƙanin miji, waɗannan haƙora naka ko kura sai haka." Kofi uku kika zuba masa, a kan idona. Ni kuwa kika miƙo mini ruwan tulun da ya wuni a rana, sai ka ce mai jego.

Na san wasan ƙanin miji ne, ni ma na yi da matar Yaya. Sanin bai rage komai ba.

Yau ki raba nawa kafin ki saka sanyi, ki ƙara masa kanumfari, kuma da hannunki za ki ba ni. In Sadiƙ zai tauna, ya tafi zaure.

Zugin haƙorin ya kwanta tun magariba. Dariyar nan ce har yanzu ba ta sake ni ba.

Baballe