Taɓa Nan, Ɗana

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka. Yaya jikin matarka? Ka ce mata ta rage hawa bene da kaya a hannu, tunda cikin fari ne.

Ka yi haƙuri da takarda. Na san za ka ce ga waya a hannuna, amma saƙon waya yana fita kafin mutum ya auna abin da ya faɗa.

Albishirinka, wasan yara da nake haɗawa ya tashi. Wata bakwai ke nan ina zuwa ajin koyon haɗa manhajar waya da tsohuwar kwamfutar da ka aiko min, ni kaɗai ce mai furfura cikin mutum goma sha tara. Akwai lokacin da na yi kwana uku ina neman abin da ya hana shafin buɗewa, ashe waƙafi ɗaya na manta. Malamarmu ta yi dariya har da hawaye da ta ga ina kwafe kowane layi da biro a littafi kafin in buga shi. Na ce mata haka aka koya mana karatu, sai ka rubuta da hannunka yake zama.

Ga yadda wasan yake. Bishiya ce, haruffa suna faɗowa daga kanta, alif, ba, ta, yaro ya ja kowanne zuwa kwandonsa. Ban zana tsuntsu ko dabba ba, ka san halina. Ban sa ayar Alƙur'ani ko ɗaya ba, don waya tana faɗuwa ƙasa, kuma ana shiga da ita inda bai dace ba. Sannan ba a faɗuwa a wasan. In yaro ya kuskure, muryata ta ce, “Sake dai, a hankali.” In ya dace, “Madalla.” In ya tsaya ya rasa inda zai nufa, “Taɓa nan, ɗana.” A cikin kabad ɗin kaya na ɗauki muryar, na jawo ƙofa na rufe, saboda injin niƙan maƙwabta. Da ka gan ni da ka yi ta dariya har shekara.

Yaran da nake koya wa karatu da yamma, su ashirin da shida, sun gwada shi, iyayensu kuma suna so a wayoyinsu. Malamarmu ta ce sai an ɗora shi a kasuwar manhajoji, an buɗe asusu da sunan mutum. Nan na tsaya. Ina tsoron ganin sunana a jikin abin da na yi don Allah, kada riya ta shigo. Ko za ka ɗora min da naka asusun, gurbin sunan mai aikin kuma ka bar shi babu kowa?

Allah ya yi maka albarka.
Yayarka

*

Yaya injiniya!

Wa alaikumus salam. Wallahi na karanta wasiƙarki sau biyu, wurin kabad ɗin nan matata ta kusa shaƙewa da ruwa. Matar da ke kirana in zo in rage mata ƙarar rediyo, yau ita ce ke haɗa manhaja! Duniya ta ci gaba ta bar ni a tasha.

Ɗorawa ba komai ba ce. Amma akwai wani ɗan fayil da ake kira makulli, da shi ake sa wa manhaja hannu, in babu shi ba a ɗorawa, ba a kuma gyarawa daga baya. Kada ki wahalar da kanki da nemansa. Ki ba direban da ke kawo wasiƙun nan kwamfutar gaba ɗaya, ki rubuto kalmar sirrin. Mako biyu na dawo miki da abinki.

Aiki dai shiru har yanzu. Jiya na je ganawar neman aiki ta shida. Kowa sai ya ce in nuna abin da na taɓa ginawa da hannuna, ni kuwa takardun shaida kawai gare ni a leda. Ki ci gaba da sa ni a addu'a, taki ba ta faɗuwa ƙasa.

Autanki na kanki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ga kwamfutar nan, na naɗe ta da bargo. Kalmar sirrin tana bayan takardar nan. Madannin harafin farko yana maƙalewa, sai ka danna shi daga gefe.

Malamarmu ba ta so ba. Ta ce darasin farko da ta koya mana shi ne ba a ba kowa makulli, ko miji ne. Na ce mata wannan ba kowa ba ne, ina da shekara goma sha shida mahaifiyarmu ta rasu ta bar min shi yana rarrafe, a bayana ya yi wayo. Ta ce to, Allah ya sa alheri.

Aiki zai zo da yardar Allah. Kada ka bar sallar asuba ta wuce ka saboda damuwa.

Yayarka

*

Zuwa ga ƙanina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya. Na yi maka murnar samun aiki a waya, ina ƙara yi a rubuce. Wata huɗu ke nan ban tambayi kwamfuta ba, na ce sabon ma'aikaci ba ya rasa hidima.

Zan faɗa maka abin da ya faru kamar yadda ya faru, ba ƙari.

Ranar Talata maman tagwaye ta zo. Ka san ta, matar mai gyaran babur, wadda ba ta shigowa sai da barkwanci a bakinta. Wannan karon a bakin ƙofa ta tsaya, ko takalmi ba ta cire ba. Ta miƙo min wayar mijinta ta ce, “Malama, buɗe abinki ki gani.”

Na buɗe. Bishiyata ce, amma da biri a kai yana rawa, ga kiɗa. Na ja harafi uku, sai wani shafi ya rufe komai, shafin caca, da wata mata da ba zan siffanta maka ba. A daidai nan na ji muryata ta ce, “Taɓa nan, ɗana.”

Auta, muryata. Wadda na ɗauka a cikin kabad.

Tagwayen sun taɓa, tunda ni na ce su taɓa. Ubansu ya tarar da abin da ya tarar a wayarsa. Maman ta ce, “Ni ban iya karatu ba, shi ya sa na kawo miki su. In da caca nake so su koya, ai ga kawunsu nan a gida, kyauta.” Ta so ta yi dariya, dariyar ba ta fito ba.

Na ci gaba da dubawa bayan ta tafi, a tawa wayar. Yanzu in yaro ya kuskure sau uku bishiyar bushewa take yi, sai ya kalli talla kafin ta farfaɗo. “Sake dai, a hankali” babu ita, an cire. A ƙasa kuma, gurbin da na roƙa a bari babu kowa, sunanka ne cikakke, da tambarin kamfaninku.

Yara tara ba su zo ba tun ranar. Tabarmarsu tana nan a shimfiɗe.

Na je wurin malamarmu ko za a iya gyarawa. Ta ce sai mai makulli. Ba ta tuna min da maganarta ba, Allah ya saka mata.

Ban yanke maka hukunci ba. Wataƙila an sace ne, wataƙila akwai abin da ban fahimta ba, tunda ni sabuwar shiga ce. Ka faɗa min.

Yayarka

*

Yaya,

Salam. Don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ranki ya ɓaci.

Ba a sace ba. A ganawa ta bakwai suka sake cewa in nuna aikina. Kwamfutarki tana jakata. Na buɗe wasan don kawai su gani, sai babban cikinsu ya ja haruffa ya ƙi bari, ya ce, “Kai ka yi wannan?” Yaya, ke da bakinki kika ce ba kya son suna. Na ga abu ne a ajiye babu mai shi, ni kuma ga haihuwa tana tahowa. Na ce eh.

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Na sa hannu a takarda cewa komai nawa ne na kuma miƙa musu, har makullin. Da suka tambayi muryar, na ce wata mata ce na ɗauka haya. Biri da talla ba ni na sa ba, wani sashe ne daban. Su suka lura yara ba sa taɓa talla sai in muryar ta ce su taɓa. Na yi magana sau ɗaya, aka ce in ba na so ga ƙofa.

Amma ki duba ɗaya gefen mana. Waya dubu ɗari biyu ta sauke shi! Yaran da ba ki taɓa gani ba suna koyon alif da ba, ladan ai naki ne, Allah ya san mai aikin. Tallar kuma na ji ana cewa za a tace ta nan gaba. Yara tara za su dawo, mutanen unguwa ba su da riƙo.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki gaya wa kowa ke kika yi. In ya kai kunnen ofis, ƙarya a takarda ce, kora ce ranar. Wata mai zuwa matata za ta haihu. Ke kika goya ni, ba ke za ki kayar da ni ba.

Zan sayo miki sabuwar kwamfuta, wadda ta fi waccan.

Autanki

*

Ƙanina,

Wa alaikas salam. Na karanta har ƙarshe kamar yadda ka nema. Na ajiye ta kwana biyar kafin in ɗauki biro.

Na ce ka bar gurbin babu kowa. Ban ce babu mai shi ba. Kai ma ka san bambancin, tun kana ƙarami ka san shi, ranar da ka tsinci agogo a bakin famfo muka bi gida gida har muka sami mai shi.

Sunan bai dame ni ba kamar kalma ɗaya: haya. Na yi ta juya ta. Muryar da ta koya maka Fatiha.

Kada ka ƙara yi min lissafin lada. Ban san yadda ake auna alif da shafin caca a sikeli ɗaya ba, kuma ina tsoron ranar da za a auna.

Na bi gidajen yarana duka ashirin da shida. A kowane gida na nemi gafara, na goge wasan da yatsana. Wata kaka ta ce, “Malama, ke da kanki? Da kin aiko.” Na ce ai da kaina na ce su saka. Amma ƙofa dubu ɗari biyu ban san inda suke ba, kuma a bayan kowacce ina cewa ɗan wani ya taɓa.

Ni ma ina da nawa laifin. Na guji suna don tsoron riya, ban lura ba cewa abin da babu sunan mai shi, babu wanda za a ƙwanƙwasa wa ƙofa in ya ɓaci. Maman tagwaye ta san ƙofata ne kawai don ta san muryata.

Riƙe sabuwar kwamfutarka. Littafina yana nan, kowane layi da hannuna. Ina sake bugawa a kwamfutar aji, na kai harafi na goma sha ɗaya. Nan da mako uku zan ɗora shi da asusuna da sunana.

Ba zan rubuta wa ofishinku ba. Amma za su ga bishiya biyu da murya ɗaya, kuma in an tambaye ni ba zan yi ƙarya ba, ko don kai. Kana da mako uku ka faɗa musu da bakinka, ka roƙa su cire muryar. In sun kore ka, ɗakinka yana nan, ku taho ku duka.

Ka gaida matarka. Ba ruwanta.

Yayarka

*

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Direba ya zo sau uku hannu wofi. A bakin surukarka na ji an samu 'ya mace. Allah ya raya ta, ya sa mahaddaciya ce.

Na ɗora jiya da hantsi. Babu wanda ya tambaye ni komai tukuna. A shafin godiya na rubuta cewa ƙanina ne ya ba ni kwamfutar da na koya da ita, don gaskiya ne.

Tagwaye sun dawo, sauran bakwai shiru.

Na sake shiga kabad na ɗauki sabuwar murya. “Sake dai” ta fito, “madalla” ta fito. Ta ukun na gwada sau huɗu, bakina ya ƙi. Yanzu in yaro ya rasa hanya, kwandon ne kawai yake ɗan motsi.

Yayarka