Tozon da Makau Ya Riƙa Kai wa Baba

Anti Sa'adatu, ki taimake ni da shawara. Shekara shida rabona da Zugu, ina dako a Fatakwal, kuma akwai abin da ke cin raina.

Kafin in taho, likita a Gummi ya ce kitse ya taru a jijiyoyin jinin Babanmu har sun tsuke. Ya hana shi tozo da man shanu, ya rubuta magani. To wana Makau mahauci ne. Duk ranar kasuwa sai ya yanko tozo ya kai wa Baba, wai abin kunya ne mahauci ya bar ubansa da miya lami. Maganin ma ya ƙare bai sake saye ba. Na yi magana a waya, ya ce wanda ya gudu kudu ba shi da ta cewa. Bara Baba ya dafe ƙirji a gona ya faɗi. Ko jana'iza ban samu ba.

Ba zan yi masa ƙarya ba, shi ya goya Baba a babur zuwa asibiti ta hanyar da kowa ke tsoro, kuma shi ke riƙe da Inna. Amma yanzu ciwon ya dawo kansa. In ya yi tafiya ƙafa ta riƙe, ɗan yatsa ya fara baƙi, an ce sai Sakkwato. Inna ta aiko in taimaka. Ni kuwa wallahi so nake in sa a kai masa tozo, in ce ga maganinsa nan. Abin da na tara duka dubu ɗari huɗu da ashirin ne.

Ɗan Zugu a Fatakwal

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Fushinka yana da dalili. Makau ya yi taurin kai, kuma maganar da ya faɗa maka ba ta dace ba. Sai dai tozon nan da ƙauna ya riƙa kai shi, irin girmama uba da ya tashi ya gani.

Yatsan da ya fara baƙi ba ya jira, jini ne ba ya isa wurin. Ka sa a kai shi Sakkwato cikin makon nan. Ba sai ka ba da duka ba, kuma ka biya asibiti kai tsaye. In ya miƙe, ka zaunar da shi ka amayar da abin da ke cikinka, haƙƙinka ne. In ƙafar ta tafi, wa zai riƙe Inna?

Kai ma uba ɗaya kuke. Je a auna jininka. Allah ya ba Makau lafiya, ya sanyaya zuciyarka, ya maishe ka Zugu lafiya.