Jinin Baba Da Kuka Ɗiba A Batsari

Zuwa ga Likita, shugaban tawagar masu binciken gigin tsufa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Ni malamin firamare ne a Safana, ɗa ga ɗaya daga cikin tsofaffin da kuka ɗibi jininsu a Batsari damina uku da suka wuce. Na rubuto a fili ne saboda lambar wayar da kuka bar mana ta daina shiga tun a shekarar farko.

Na ɗaya. Ranar da kuka zo, wata biyar ke nan da muka baro garinmu Ruma, bayan ɓarayin daji sun hana mu noma. Ka zaunar da mu cikin mutunci, ka ce cutar mantuwa tana iya bin jini, amma kusan duk abin da likitoci suka sani a kanta daga jinin Turawa suka san shi, namu ba a duba sosai ba. Maganar ta shige ni. Ni na lallashi Baba ya miƙa hannu, ni na riƙe masa yatsa ya dangwala. Na gaya muku mahaifiyarsa da wannan ciwo ta rasu, haka ma wansa. Kun ce za mu ji sakamako kafin a yanke gero.

Na biyu. Takardarku ta ce a zaɓi ɗaya, Bahaushe ko Bafulatani. Na yi wa ma'aikaciyarku bayani cewa uban Baba Bahaushe ne, uwarsa Bafulatana, kuma ta wajenta ciwon ya biyo. Ta ce gurbi ɗaya ne, ta rubuta Bahaushe. In jinin mutane daban-daban kuke nazari, yaya za a yi da namu da ya gauraya tun kaka da kakanni?

Na uku, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Hausa tana zubewa daga bakin Baba. Yanzu Fillancin da ya sha a nono yake yi, wanda ko ni ba na ji. Watan jiya, ranar kasuwa, ya saɓa fartanya ya kama hanyar Ruma, wai zai je ya duba gyaɗarsa. Wasu matasa suka tare shi a bakin garin Batsari. Suka tambayi sunansa da inda ya fito, ya kasa faɗa, sai amsa yake da Fillanci yana nuna daji. Ka san abin da wannan ke nufi a ƙasarmu a wannan zamani. Har sun ɗaure masa hannu, sai Allah Ya kawo wani mahauci da ya san shi tun a Ruma, ya rantse musu ya karɓe shi. Da na iso daga Safana, na tarar da shatin igiya a hannunsa, shi kuwa yana ta gaishe ni kamar baƙo.

Na huɗu. Shekarata hamsin da biyu. A zangon nan sau biyu ina tsayawa gaban allo, kalmar da na shekara ashirin ina koyarwa ta ɓace mini. Wataƙila gajiya ce da yunwar zamani. Wataƙila ba ita ba ce. Dangin wanda ke neman 'yata kuma sun aiko a asirce suna tambaya ko akwai hauka a gidanmu. Na ce ba hauka ba ne, amma ba ni da takardar da zan nuna.

Ba magani nake roƙo ba, domin ka gaya mana gaskiya cewa babu shi tukuna. Ina roƙon ka aiko mana da abin da kuka gani a jinin Baba, da Hausa, ko da amsar ita ce ba ku gano komai ba. A gyara abin da aka rubuta game da asalinsa. Sannan a turo wanda zai zauna da limamai da masu unguwanni ya bayyana musu wannan ciwo, don kada a sake ɗaure tsohon wani saboda ya manta sunansa.

Allah Ya yi wa aikinka albarka, Ya raya maka zuri'a, Ya sa ka tsufa da hankalinka, kana gane 'ya'yanka in sun shigo gaishe ka.

Wassalam.

Malam Lawal,
Safana.