Ni Na Karce Faifan, Shi Yake Ba Ni Haƙuri

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku bari in kai ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ina da ɗan shago a Mai Wurno, talabijin biyu da na'urar wasan ƙwallo, samari na taruwa bayan la'asar. Duk shekara in an gama girbin dawa mukan yi gasa, kuma mun daɗe muna yin ta da tsohon faifai guda. Masu ƙera wasan nan kowace shekara sai sun fito da sabo, amma namu tsohon bai taɓa ba mu kunya ba, inda ka aika ƙwallo nan za ta je. Ina da taubashi, ɗan goggona, bari in kira shi Bello. Injin ban ruwa ya cinye masa yatsu uku na hannun dama a gonakin Suki, ya dawo gida ya kulle kansa a ɗaki, ko masallaci sai an yi da gaske. Wasan nan ne ya fito da shi. Ya koyi ɗora abin bugawar a kan gwiwa yana dannawa da yatsun da suka rage, har ya zama ba mai iya karawa da shi. Ni kuwa na zama abin dariyarsa. Kun san wasan taubasai, ba a fushi. Yana zura min ƙwallo zai ɗaga hannun sama ya ce, "Ya zol, kai mutumina, da yatsa biyu nac ci ka, da biyar ne da ka bar garin ga!" Shago ya kwashe da dariya, ni ma in yi, amma abin yana min ciwo. A shagona, da kayana, kullum ni ne a ƙasa?

Bana na hau mota zuwa Sinnar na sayo sabon faifai. Kyau kam ba a magana, har gumin 'yan wasa ana gani, ga ruwan sama, ga sababbin salon yanka. Sai dai yankan ba ya yiwuwa sai ka haɗa maɓallan saman abin bugawar da 'yar sandarsa ta dama lokaci guda, kuma na san hannun Bello ba zai iya ba. Na sani sarai. Samari suka gwada suka ce a'a, wannan sandarewa yake ana tsakiyar wasa, gola ya bar raga ya tafi yawonsa, a bar mu da na da. To ranar nan Bello ya gama wasa, ya mayar da tsohon faifan cikin kwalinsa da kansa, ya tafi. Ina ganin shago ya yi shiru na ɗauko shi na ja masa ƙusa daga tsakiya har baki. Washegari na saka shi a gaban kowa ya ƙi tashi, har da salatina.

Dole aka fara gasa da sabon. A wasan farko aka fitar da Bello. Ina kallon yatsansa yana laluben maɓalli bai kai ba, ba wanda ya yi dariya. Ni me na samu? Gasar ma ba a gama ta ba, faifan ya yi ta sandarewa har aka watse ana gunaguni. Na zaga Sinnar da Suki neman irin tsohon, kowa sai ya ce wa ke ajiye na bara ma, balle na shekarun baya.

Jiya da hantsi sai ga shi. Bai tsokane ni ba. Ya gaishe ni kamar baƙo, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri ɗan kawu, ni ne na ƙarshe da yat taɓa faifan nan. Hannun ga ba ya riƙon komi daidai, ni naɓ ɓata maka shi. Ka yahe mini. Kalas, shi ke nan, ba ni ƙara taɓa kayan mutane." Kun san abin da ya fito daga bakina? "Haba, ba komai." Wai ni nake yafe masa! Yau kuma Goggo ta aiko tana tambayata ko wani abu ya faru, don ya koma ɗaki, abinci ma sai ta matsa masa.

Wallahi tsoro nake ji. In na faɗa masa, zai san ɗan'uwansa ya zauna ya auna nakasarsa ya ɗana masa tarko da ita. In na yi shiru, zai ci gaba da tsanar hannunsa a kan laifin da hannuna mai yatsa biyar ya aikata. Jama'a, me zan yi?